Yadda Ake Raba Intanet Ɗaya ga Dukkan Kwamfutocin Gida

A gidaje da yawa a yau za ka tarar da mutum huɗu ko biyar kowa yana sayen datarsa daban. Maigida yana da layin da yake aikin ofis da shi, uwargida tana da nata na kasuwancin da take yi ta WhatsApp, ɗalibin jami'a yana fama da nasa, ƙannensa kuma suna bin kowa da roƙon a kunna musu. Idan aka tara abin da suke kashewa a wata, sau da yawa ya haura kuɗin babban tsari guda ɗaya da zai ishe su gaba ɗaya, domin kamfanonin sadarwa suna sayar da data ne kamar yadda ake sayar da hatsi, mai sayen buhu ya fi mai awon tiya samun rangwame. Na haɗa irin wannan tsari a gidanmu mai sassa uku, na kuma taimaka wa wasu suka haɗa nasu, kuma abin da na lura da shi a kowane karo shi ne tsadar na'ura ba ita ke kawo nasara ba. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: inda aka ajiye na'urar, yadda aka kai intanet ɗin zuwa ɗakunan da ke nesa, da yadda aka hana kwamfutoci da wayoyi cinye data a ɓoye.

Aikin da rauta ke yi

Kamfanin da ka sayi intanet a wurinsa yana ba ka hanya ɗaya ce mai adireshi ɗaya. Na'urar da ake kira rauta ita ke karɓar wannan hanya ta raba ta. Tana ba kowace kwamfuta ko waya da ta shigo wani adireshi na cikin gida, kamar 192.168.1.5 ko 192.168.1.6, sannan duk saƙon da zai fita sai ta fitar da shi da adireshinta guda ɗaya, idan amsa ta dawo kuma ta san ta wa ce ta miƙa masa. Rabon adireshin da take yi da kanta shi ne abin da za ka ga an rubuta DHCP a shafin saitinta, fitar da saƙonni da adireshi ɗaya kuwa shi ne NAT. Ya kamata a riƙe waɗannan sunaye biyu, musamman na farkon, domin zai dawo mana a gaba idan muka zo maganar ƙara rauta ta biyu.

Abu ɗaya da ya kamata kowa a gidan ya fahimta tun farko shi ne rauta ba ta ƙara gudun intanet, raba shi take yi. Idan abin da ke shigowa megabit 20 ne a daƙiƙa, mutum huɗu kuma suka hau kallon bidiyo lokaci guda, kowa zai samu wajen megabit biyar.

Mataki na farko: zaɓar inda intanet zai fito

Mafi yawan gidaje a Najeriya da Nijar suna samun intanet ta layin waya ne. A Najeriya akwai MTN da Airtel da Glo, a Nijar akwai Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da sauransu, kuma ingancin kowanne yana bambanta daga unguwa zuwa unguwa, har ma daga titi zuwa titi a cikin unguwa ɗaya. Saboda haka kafin ka sayi kowace na'ura, ka ari layukan kamfanoni biyu ko uku ka gwada su a wayarka a cikin gidan, ta amfani da manhajar Speedtest ko shafin fast.com. Ka gwada da safe, ka sake gwadawa da dare tsakanin ƙarfe takwas da goma, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau intanet, turakun sadarwa suka cika. Sakamakon dare shi ne abin dogaro, domin a lokacin ne mutanen gidanka za su fi buƙatarsa.

Bayan ka san layin da ya fi ƙarfi, sai zaɓin na'ura. Ƙaramar MiFi mai batir, wadda ake sawa a aljihu, tana ɗaukar na'urori kimanin goma ko sama da haka kaɗan, amma eriyarta ƙarama ce, Wi-Fi ɗinta ba ya nisa, mafi yawansu ba su da ramin kebul, kuma barinta a caji dare da rana yana kumbura batirinta. Ta dace da mutum ɗaya ko ɗaki ɗaya. Don gida mai kwamfutoci da yawa, abin da nake ba da shawara shi ne babbar rauta mai cin layin waya, wadda ake jonawa da wuta, mai ramukan kebul a bayanta, idan da hali kuma mai wurin ɗaura eriyar waje. Ka tambayi mai sayarwa ko an kulle ta a kan kamfani ɗaya ne ko tana karɓar kowane layi, domin wadda ba a kulle ba tana ba ka damar sauya kamfani duk ranar da sabis ya lalace a unguwarku. MTN ta fara 5G a Najeriya a shekarar 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, amma kada ka biya kuɗin rauta mai 5G sai ka tabbatar sabis ɗin yana isa gidanka.

Wanda unguwarsa ke da kamfanin da ke jawo kebul na faiba har cikin gida, wannan ya fi komai kwanciyar hankali, kuma kamfanin ne ke kawo na'urar. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, yana zuwa da rautarsa, sai dai wasu nau'o'insa ba su da ramin kebul sai an sayi mahaɗi na daban. Duk hanyar da ka bi, sauran matakan iri ɗaya ne.

Mataki na biyu: wurin da za a ajiye rauta

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma a nan ne gyara ba ya cin ko kwabo. Rauta mai cin layin waya tana da buƙatu biyu da sukan ci karo da juna: tana son wurin da za ta jawo sabis mai ƙarfi daga turken kamfani, wato kusa da taga ko wuri mai tudu, tana kuma son tsakiyar gida domin Wi-Fi ya isa ko'ina. Idan dole sai an zaɓi ɗaya, ka zaɓi sabis, domin raunin Wi-Fi a cikin gida ana magance shi da kebul, amma raunin abin da ke shigowa daga waje ba shi da magani a ciki.

Kada ka dogara da sandunan sabis da ke jikin na'urar kawai. A shafin saitin mafi yawan rautoci akwai wurin da ke nuna lambobi biyu, RSRP da SINR. Ta farko tana nuna ƙarfin sabis, kuma ana rubuta ta da alamar ragi: -80 yana da kyau ƙwarai, -100 ya fara rauni, -110 kuwa wahala ce. Ta biyu tana nuna tsabtar sabis daga hayaniyar wasu siginoni, kuma ana son ta yi sama: daga 13 zuwa sama yana da kyau, ƙasa da sifili ba a samun abin kirki. Ka ɗauki rautar da doguwar wayar wuta ka zagaya da ita tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya, kana tsayawa minti ɗaya ko biyu a kowane wuri kana duba lambobin nan. A gidanmu, ɗaga ta daga kan tebur zuwa kan wata kanta kusa da tagar gabas ya sauya gudun intanet ɗin fiye da yadda sauya kamfani ya taɓa yi.

Ƙarfe da ruwa su ne manyan abokan gabar Wi-Fi. Ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, firij, tankin ruwa da babban madubi duk suna tare siginar ko su karkatar da ita. Bangon bulo na siminti yana rage ta sosai, katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajenmu ma haka, kuma bango biyu ko uku sun isa su kashe ta. Kada a sa rauta a ƙasa, ko a bayan talabijin, ko a cikin kabad don gudun yara. A ɗora ta sama da tsayin mutum a wurin da iska ke ratsawa, nesa da hasken rana kai tsaye, domin zafin watan Afrilu da Mayu yana sa ta rage gudu ko ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. Da hunturu kuma a riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe ramukan shan iskarta.

Mataki na uku: saitin farko

A kashe rautar kafin a sa mata layi, sannan a kunna ta a jira minti biyu. A ƙarƙashinta ko a bayanta akwai takarda manne da ke ɗauke da sunan Wi-Fi, da kalmar sirrinsa, da adireshin shafin saiti, da sunan shiga. Adireshin yakan kasance 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma galibi 192.168.8.1 ne. Ka haɗa kwamfuta ɗaya da rautar, ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin a gurbin adireshi na sama, ka shiga.

Abu na farko da za ka sauya shi ne kalmar sirrin shiga shafin saitin kansa. Rautoci da yawa suna fitowa daga masana'anta da "admin" a matsayin suna da kalmar sirri, kuma duk wanda ka taɓa ba Wi-Fi zai iya shiga da wannan ya sauya komai. Mutane sukan rikita wannan kalma da ta Wi-Fi, alhali daban suke: ta Wi-Fi ta kowa ce a gidan, ta saiti kuwa ta mai kula da na'urar ce shi kaɗai.

Daga nan sai sashen Wi-Fi. Ka sauya sunan zuwa wanda ba ya nuna sunan maigida ko lambar gida. A wurin zaɓar nau'in tsaro ka ɗauki WPA2, ko WPA3 idan rautar da dukkan na'urorinku sun san shi, domin shi ne sabo, ya fito a 2018. Kada ka taɓa zaɓar WEP, wanda an daɗe da gano yadda ake fasa shi cikin 'yan mintoci. Kalmar sirri ba ta kasa haruffa takwas, amma ka sa ta kai goma sha biyu ko fiye, kuma ka guji lambar waya da sunan yaro da shekarar haihuwa, waɗanda su ne abin da maƙwabci zai fara gwadawa. Kalmomi huɗu na Hausa marasa alaƙa da juna, haɗe da lamba a tsakani, sun fi gajeriyar kalma mai alamomi ƙarfi, kuma sun fi sauƙin tunawa. Ka kashe WPS, wato tsarin shiga ta danna maɓalli ko ta lamba takwas, domin tun 2011 aka bayyana cewa ana iya cankar lambar nan.

Idan rautarka tana da zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, ka kunna duka. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma ya fi cunkoso da jinkiri. Na 5 ya fi gudu, amma bango ɗaya mai kauri yana raunana shi. Kwamfutocin da ke ɗaki ɗaya da rauta su hau na 5, na nesa su hau na 2.4. A unguwar da gidaje ke manne da juna, kowa da rautarsa, ka sa tashar zangon 2.4, wato "Channel" a shafin saiti, a kan 1 ko 6 ko 11, domin su ukun nan ne ba sa hawa kan juna, faɗinta kuma ka bar shi a 20 MHz.

Mataki na huɗu: kebul ga duk abin da ba ya motsi

Ra'ayina a nan ba ya sauyawa: duk na'urar da ke zaune wuri ɗaya, kamar kwamfutar tebur ko talabijin mai intanet ko firinta, a ja mata kebul. Kebul ba ruwansa da bango ko Wi-Fi ɗin maƙwabta, kuma duk na'urar da aka sauke daga Wi-Fi ta bar wa wayoyi da kwamfutocin cinya fili.

Kebul ɗin da ake buƙata shi ne Cat5e ko Cat6, kuma dukansu suna ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, wanda shi ne iyakar da ba a wucewa ba tare da an sa wata na'ura a tsakani ba. A kasuwa akwai mai arha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa tagulla, ana rubuta masa CCA. Yana aiki a gajeren zango, amma yana karyewa da wuri, kuma a dogon zango yana kawo yankewa. Idan za ka ratsa tsakar gida, ka nemi mai tagulla zalla.

Mafi sauƙi shi ne ka auna tsawon da kake so, ka ƙara mita biyu, ka sa mai shago ya matse maka kawunan a gabanka ya gwada. Wanda zai matse da kansa kuwa yana buƙatar kawunan RJ45 da abin matsewa, kuma jerin launukan da aka fi bi, mai suna T568B, shi ne: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A riƙe kan ta yadda maƙallinsa ke kallon ƙasa, a jera daga hagu zuwa dama, kuma a bi jeri ɗaya a kawunan biyu. A soka kai ɗaya a ramin rauta mai rubutun LAN, ɗayan a kwamfuta, kuma ba a buƙatar wani saiti, domin DHCP zai ba ta adireshi nan take. Idan ramukan rauta sun ƙare, ƙaramar na'urar da ake kira siwic, mai rami biyar ko takwas, tana ƙara su, kuma ita ma ba ta son saiti: kebul ɗaya daga rauta zuwa gare ta, sauran ramukan kuma na kwamfutoci.

Kebul ɗin da zai bi waje a zura shi cikin bututun roba, domin rana tana busar da fatarsa ta tsage, ɓeraye kuma suna gwaguyarsa. Kada a ɗaure shi jikin wayar wuta tsawon tafiya, kuma kada a rataye shi a sama daga rufi zuwa rufi. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, a zare shi daga rauta, domin tsawar da ta faɗi a kusa tana iya bin dogon kebul ta ƙona na'urorin da ke kawunansa biyu.

Mataki na biyar: kai Wi-Fi sassan da ke nesa

A gida mai sassa, rauta ɗaya ba za ta isa ko'ina ba, komai yawan eriyoyinta. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ja kebul zuwa sashen da ke nesa, a sa rauta ta biyu a can, ko da tsohuwa ce. Idan a saitinta akwai zaɓin "Access Point", ka danna shi, aikin ya ƙare. Idan babu, ga yadda ake yi da hannu. Ka haɗa ta da kwamfuta ita kaɗai, ba tare da ka jona ta da ta farko ba tukuna. Ka shiga shafinta ka sauya adireshinta zuwa wanda ke gida ɗaya da na ta farko amma lambar ƙarshe daban: idan ta farko 192.168.1.1 ce, ta biyu ta zama 192.168.1.2, tare da tabbatar da cewa rabon adireshi na ta farko bai haɗa da wannan lamba ba. Sannan ka kashe DHCP ɗinta, domin idan rautoci biyu suna rabon adireshi a gida ɗaya, wasu kwamfutocin za su karɓi adireshin da ba ya kai su ko'ina. A ƙarshe ka soka kebul ɗin da ya taho daga ta farko a raminta na LAN, ka bar ramin WAN babu komai.

Ka ba ta suna da kalmar sirri irin na ta farko, amma tasha daban, misali 1 a can, 11 a nan. Da haka mai waya zai tashi daga zaure zuwa cikin gida, wayarsa ta koma kan wadda ta fi kusa.

Akwai na'urorin da ke kama Wi-Fi su maimaita shi ba tare da kebul ba, sai dai masu zango ɗaya suna rage gudu da kusan rabi, kuma dole a ajiye su inda sigina ke da sauran ƙarfi, a tsakiyar hanya. Waɗanda ke tura intanet ta wayoyin wutar gida kuma ba na ba da shawararsu a gidajenmu, inda sashe ɗaya ke kan layin Nepa, wani kan janareta, wani kan inbata.

Mataki na shida: hana data zurarewa

Wannan shi ne matakin da ke raba gidan da ya ji daɗin tsarin da gidan da ya watsar da shi bayan wata ɗaya. Ƙorafin da na fi ji shi ne, "Mun sa data mai yawa, ko sati biyu ba ta yi ba." Dalilin a mafi yawan lokuta shi ne kwamfutoci da wayoyi an ƙera su ne da zaton duk Wi-Fi marar iyaka ne. Wayar da ke takatsantsan a kan datar layinta, da zarar ta ga Wi-Fi sai ta fara sabunta manhajoji, ta ɗora hotuna da bidiyon da ta tara zuwa Google Photos ko iCloud, ta sauke duk bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp. Kwamfuta mai Windows kuma babban sabuntawa guda ɗaya yana iya cin gigabait da yawa. Ka ninka wannan da na'urori goma.

A Windows 10 da 11, ka shiga "Settings", sannan "Network & Internet", ka buɗe bayanan Wi-Fi ɗin gidan ko na kebul, ka kunna "Metered connection". Wannan yana sanar da kwamfutar cewa datar a ƙidaye take, sai ta dakatar da yawancin saukarwar da take yi a ɓoye. Sai dai kada a bar kwamfuta watanni babu sabuntawa, domin a ciki ake toshe kafofin da masu kutse ke bi. A ware rana ɗaya a wata, a farkon sabon tsari ko a lokacin garaɓasar dare, a sabunta su. A sashen "Delivery Optimization" kuma a zaɓi karɓa daga kwamfutocin cikin gida kawai, ta yadda abin da ɗaya ta sauke za ta iya miƙa wa 'yan'uwanta ba tare da an sake sayensa ba. A wayoyin Android ma akwai zaɓin ɗaukar Wi-Fi a matsayin mai ƙidaya a cikin bayanan Wi-Fi ɗin, a iPhone kuma ana kiransa "Low Data Mode". A WhatsApp a shiga sashen ajiya da data a cire saukar da bidiyo kai tsaye.

Bidiyo shi ne babban mai cin data, kuma lissafinsa a fili yake. Bait ɗaya bit takwas ne, saboda haka bidiyon da ke gudu a megabit biyar a daƙiƙa yana cin kusan gigabait biyu da kwata a awa ɗaya. Idan aka sauke ingancinsa zuwa 480p a YouTube, wanda a fuskar waya bambancinsa kaɗan ne, abin da zai ci bai kai rabin haka ba.

A shafin rauta ka riƙa duba jerin na'urorin da ke haɗe, kuma ka sa wa kowace suna don ka gane baƙuwa. Idan rautar tana da sashen "QoS" ko "Bandwidth Control", ka iyakance gudun talabijin da wayoyin yara, domin mai taron aiki ta bidiyo ko mai rubuta jarrabawa ya samu hanya. Baƙi kuma a buɗe musu "Guest network" mai kalmar sirri daban, wadda ba ta ba su damar ganin kwamfutocin gida. Ka sani cewa tun daga Android 10 duk wanda ke kan Wi-Fi yana iya nuna wa abokinsa lambar QR ya shiga, saboda haka kalmar sirrin da aka ba yaro ɗaya tana iya zagaye unguwarku cikin kwana biyu. Tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar da rauta ke gane kowace na'ura da ita, yana taimakawa, sai dai sababbin wayoyi suna sauya wannan lamba, don haka sauya kalmar sirri lokaci zuwa lokaci ya fi tasiri. Idan da maƙwabci za ku yi karo-karo, ku yi magana a fili tun farko kan kason kowa da ranar biya, ku kuma karanta sharuɗɗan kamfanin game da raba layi zuwa wani gida.

Mataki na bakwai: wuta

Yawancin rautoci suna aiki da bolt 12 ne, kuma cinsu bai cika wuce wat 10 zuwa 15 ba. Ƙaramin batirin ajiya da ake sayarwa musamman don rauta, wanda ake sawa tsakaninta da soket, yana riƙe ta sa'o'i idan an ɗauke wuta, yana kuma hana ta mutuwa a duk lokacin da ake sauyawa zuwa janareta. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84, wato kimanin awa takwas a lissafi ga rauta mai cin wat 10, ko da yake idan na dalma ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Ka duba bolt da amfiya da aka rubuta a jikin cajar rautar kafin ka saya, domin bolt ɗin da ya wuce kima yana ƙona ta nan take. Rauta ta biyu da siwic su ma suna buƙatar nasu.

Idan babu rauta tukuna

Wayar Android tana iya raba datarta ta "Hotspot" ga na'urori kusan goma, amma tana zafi, batirinta yana tsufa da wuri, kuma da mai ita ya fita kowa ya rasa intanet. Ga kwamfuta ɗaya, haɗawa ta kebul ɗin USB ya fi, domin wayar tana caji a lokaci guda. Kwamfuta mai Windows 10 ko 11 ita ma tana iya rabawa ga na'urori takwas ta "Mobile hotspot", muddin tana kunne ba ta yi barci ba.

Idan abu ya ƙi aiki

A fara da tambaya ɗaya: kowa ne ya rasa intanet, ko kwamfuta ɗaya? Idan kowa ne, a duba ko data ta ƙare ko wa'adinta ya cika, a duba fitilar sabis, sannan a kashe rautar a jira daƙiƙa talatin a kunna. Idan sabon layi aka sa ya ƙi hawa, a duba saitin APN, wato sunan mashigar intanet ta kamfanin layin, a gwada shi da wanda kamfanin ya bayar.

Idan kwamfuta ɗaya ce, ka buɗe "Command Prompt" na Windows ka rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ba ta samu adireshi daga rauta ba, sai ka duba kebul, ko ka tabbatar ba a kashe DHCP a rauta ta farko bisa kuskure ba. Idan adireshin daidai ne, ka rubuta ping tare da adireshin rautar. Amsa ta dawo, to hanyar cikin gida lafiya take. Sai ka gwada ping 8.8.8.8. Idan wannan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar ta fassara sunayen shafuka ce, wato DNS, kuma ana gyara ta da sanya 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a saitin rauta ko na kwamfutar.

Idan an manta kalmar sirrin saiti, akwai ƙaramin rami a bayan rautar mai rubutun "Reset". A danna shi da tsinke na kimanin daƙiƙa goma tana kunne, za ta koma yadda ta fito daga masana'anta, duk saitin da aka yi ya goge, sunan Wi-Fi da kalmar sirri su koma na takardar da ke manne a jikinta. Saboda irin wannan rana, tun a ranar haɗawa ka rubuta adireshin kowace rauta, da kalmomin sirri biyu, da tashar da ka zaɓa, da saitin APN a cikin littafi, ka ajiye shi wurin da maigida da mutum ɗaya amintacce suka sani, domin a iya mayar da komai cikin minti goma ko da ba ka gari.